Aikin fasaha na gayya: tambayoyi da amsoshi ga masu son haɗa jama'a da zane, ɗinki ko wasa

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawan fitowa daga bakin masu son shiga irin wannan aiki ko masu son shirya shi. Wasu sun samu amsa a layi uku, wasu kuwa sun ja mu da nisa, domin a nan ne gardama take.

Wai me ake nufi da aikin fasaha na gayya?

Aiki ne na zane, ɗinki, saƙa, ginin yumɓu, ɗaukar hoto ko wasan kwaikwayo wanda ba zai yiwu ba sai da hannun mutane da yawa, kuma yawancinsu ba sana'arsu ba ce. A zanen da aka saba, mai zane yana ɗakinsa shi kaɗai, in ya gama a rataye, jama'a su zo su kalla su tafi. A nan kuwa mai kallon shi ne mai yin. Akwai ƙwararre ko ƙwararriya da ke riƙe da akala, amma in ka cire 'yan sa kai, babu abin da zai rage sai takardar tsari.

Ni ko layi ban iya ja a miƙe ba. Ina da gurbi?

Kana da shi, kuma kai ake nema. Birnin Filadelfiya na Amurka ya daɗe da warware wannan. Shirin zanen bango na birnin ya faro a 1984, lokacin da aka ɗauki wata mai zane, Jane Golden, ta yi aiki da matasan da ke ɓata bangayen gari da rubuce-rubucen fenti, ga shi yau an yi zane fiye da 4,000. Dabararsu mai sauƙi ce: ƙwararre ya fitar da zanen a kan wani yadi na musamman, a yanka shi gida-gida, kowane gurbi da lambar launinsa. A shimfiɗa a kan tebura, yaro da tsohuwa da mai keken guragu kowa ya ɗauki buroshi ya cike nasa gurbin, daga baya ma'aikata su manna yadin a bango. Har fursunoni sun yi fentin irin waɗannan yadudduka daga cikin gidan yari, aka fito da su aka manna a tsakiyar gari.

In kuma buroshin ne sam ba ka so, akwai wankin bokiti, haɗa launi, riƙe tsani, rubuta sunayen waɗanda suka zo, lura da yara. Wanda ya wuni yana wanke buroshi yakan fi kowa sanin mutane, domin kowa sai ya biyo ta wurinsa.

Akwai wanda aka yi har ya girgiza ƙasa, ko duk ƙananan abubuwa ne na unguwa?

Akwai, kuma wanda ya fi tsaya mini a rai da allura da zare aka yi shi. A 1985, ana tsakiyar annobar ƙanjamau, wani ɗan gwagwarmaya a birnin San Francisco mai suna Cleve Jones ya nemi masu zanga-zanga su rubuta sunayen mamatansu a kwalaye, aka liƙa su a bangon wani ginin gwamnati. Da ya ja baya ya duba, sai ya ga kamar bargon da aka haɗa da ƙyallaye. Daga nan tunanin ya samo asali. Aka ce duk wanda ya rasa nasa ya ɗinka masa ƙyalle guda, faɗin ƙafa 3, tsawon ƙafa 6, wato girman kabari. Ba a zaɓi wannan awo a banza ba: a lokacin, tsoro da ƙyama sun sa da yawa daga cikin mamatan ba a yi musu jana'izar kirki ba, har wasu masu shirya gawa suna ƙin karɓarsu.

Ranar 11 ga Oktoba 1987 aka fara shimfiɗa bargon a babban filin Washington da ƙyalle 1,920, ana karanto sunayen ɗaya bayan ɗaya. Mutane sun ɗinka rigar mamacin a jiki, da hularsa, da hotonsa, da wasiƙar da ba su samu damar ba shi ba. Yau ƙyallayen sun kai kimanin 50,000, nauyinsu tan 54, kuma tun 1996 ba a sake iya shimfiɗa shi gaba ɗaya a wuri guda ba saboda girma. Abin lura shi ne, uwar da ba za ta taɓa fita zanga-zanga ba ta zauna a ɗakin ɗinki kusa da abokin ɗanta da a da ba ta ko son jin sunansa. Keken ɗinki ya yi abin da lasifika ta kasa.

Afirka ma ba a bar ta a baya ba. A ƙauyen Hamburg na Gabashin Cape a Afirka ta Kudu, mata fiye da 100 sun yi aikin surfani mai tsawon mita 120, suka kammala a 2004, suna ba da tarihin yankinsu da zare. Ana kiransa da sunan kogin Keiskamma.

To ta yaya fenti ko allura ke haɗa kan mutane? Ba taro kawai za a kira ba?

A taro ana zama fuska da fuska, kowa ya shirya abin da zai faɗa da wanda zai mayar wa martani. A wurin aiki kuwa kafaɗa da kafaɗa ake tsayawa, ido na kan bango, hannu na motsi, baki kuma sai ya saki. Shiru ma ba ya yin nauyi, tunda akwai abin yi.

Na taɓa ganin haka da idona. Wasu dattawa biyu maƙwabta da suka shekara ba sa ga-maciji kan maganar magudanar ruwa, aka yi rashin sa'a, ko sa'a, gurabensu suka faɗo kusa da juna, bokitin shuɗi kuma ɗaya ne. Awa guda babu wanda ya ce uffan. Can sai fentin na sama ya fara zirarowa kan gurbin na ƙasa. Na riƙe numfashi. Na ƙasan ya ɗaga kai ya ce, "Malam, rage lodi a buroshin nan mana." Na saman ya ce, "Ai kai ne ka tsinka shi da ruwa." Suka yi ta musu kan kaurin fenti har la'asar. Ban ce sun shirya ba, magudanar ma tana nan yadda take. Amma washegari an ji sun gaisa.

Akwai kuma abu na biyu, wanda ke zuwa bayan an gama. Mutum ya wuce da baƙonsa ya nuna da yatsa ya ce, "Ka ga wancan ganyen? Ni na yi shi." Wanda ya faɗi haka ba zai tsaya yana kallo a ɓata bangon ba.

Ba wayo ba ne kuwa? Mutane su yi aiki kyauta, mai zane ya kwashi suna da kuɗi?

Wani lokacin wayon ne, babu amfanin ɓoyewa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ana samun aikin da aka ware kuɗin jirgi da masauki da mai ɗaukar bidiyo, amma mutanen da suka wuni a rana ko sunansu ba a rubuta ba.

Manyan masu fasaha sun rabu a kan wannan. Christo da matarsa Jeanne-Claude, waɗanda suka lulluɓe ginin majalisar Jamus da yadi a 1995, an san su da biyan duk wanda ya yi musu aiki. Ai Weiwei da ya zuba 'ya'yan furen rana na tangaran miliyan 100 a Landan a 2010, ma'aikata kimanin 1,600 ya ɗauka a birnin Jingdezhen na ƙasar Sin, ya biya su, bai kira abin aikin sa kai ba. Judy Baca, wadda ta jagoranci zanen doguwar katangar Los Angeles daga 1976, mai tsawon ƙafa 2,754, ta yi aiki da matasa fiye da 400, su ma albashi aka ba su, domin yawancinsu 'ya'yan talakawa ne da ba za su iya sadaukar da hutunsu kyauta ba.

A ɗaya gefen, a 2002 Francis Alÿs ya tara 'yan sa kai 500 a bayan birnin Lima na ƙasar Peru, yawancinsu ɗaliban jami'a, kowa da shebur, suka jeru suka matsar da wani tudun yashi da kimanin santimita 10. Hotunan sun zagaya manyan gidajen baje kolin duniya. Aikin yana da ma'anarsa, ban musa ba, amma a nawa ganin ba ya cikin ayyukan gina al'umma: an taru, an watse, sunan mutum ɗaya ya rage.

Ma'aunin da na fi yarda da shi ba na masu zane ba ne ma. A 1969 wata ba'amurkiya, Sherry Arnstein, ta kwatanta shigar da jama'a cikin harkokinsu da tsani mai matakala takwas. A ƙasa akwai yaudara, a tsakiya akwai sanarwa da neman shawarar da ba za a yi aiki da ita ba, a sama kuma akwai inda jama'a ke da ikon yanke hukunci. Kafin ka ba da lokacinka, yi tambaya uku. Wa ya zaɓi abin da za a zana? In muka ce ba mu yarda da wani ɓangare ba, za a canza? Wa ake biya a nan, wa ba a biya, kuma me ya sa? In aka yi maka kwana-kwana a ta ukun, ka san inda aka dosa. Aikin sa kai halal ne matuƙar abin da aka yi zai zauna a hannun waɗanda suka yi shi. In za a ɗauke a sayar, to a biya su, ko kuɗin ya tafi inda suka amince.

Idan kowa ya sa hannu, abin ba zai fito da muni ba?

Yana iya fitowa. Mun sha ganin bangon da aka cika da tafin hannu da bakan gizo da tattabaru, babu mai iya cewa bai yi kyau ba don kada a ce ba ya son zaman lafiya. Wata masaniyar fasaha 'yar Birtaniya, Claire Bishop, ta daɗe tana sukar wannan, cewa kyakkyawar niyya ba ta isa ta zama hujjar aiki mara armashi. Tana da gaskiya, kuma raina mutane ne a ɗauka ba su san kyau ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Maganin shi ne ƙa'ida kaɗan mai tsauri, sannan a sakar wa mutane mara a cikinta. Dubi bargon mamatan ƙanjamau ɗin can: awo ɗaya ne, amma abin da ke ciki naka ne. Mai fasahar Birtaniya Antony Gormley ma haka ya yi a 2003 a lardin Guangdong na ƙasar Sin, inda mutanen ƙauye fiye da 300 suka murza 'yan mutum-mutumi na yumɓu kimanin 200,000 cikin kwana biyar. Umarnin bai wuce a yi shi daidai cikin hannu, ya iya tsayuwa, a huda masa ido biyu ba. Kowane ɗaya shi kaɗai ba komai ba ne, amma ka tsaya a bakin ƙofa dubun dubatar idanu na kallonka, sai tsigar jikinka ta tashi. A zanen bango kuwa, rage yawan launuka zuwa biyar ko shida yakan rufe asirin kowa.

Sunan wa za a rubuta a jikin aikin?

Na kowa, har da mai wankin bokiti, sai wanda ya ce ba ya so. A yi maganar tun ran gini tun ran zane, haɗe da maganar wanda ke da ikon buga hoton aikin a riga ko kalanda. Yara kuwa sai da yardar iyayensu kafin a sa suna ko hoto.

Muna so mu fara. Daga ina?

Ba daga fenti ba. A fara da zama da mutanen da za su riƙa buɗe ƙofa su ga abin kullum, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada a tambaye su "me kuke so a zana", za su ce fure. A tambaye su me ya ɓace a wurin nan da suke kewarsa, wa ya cancanci a tuna da shi, me baƙo ke fahimta a karkace game da su. Daga amsoshin ne mai zane zai fito da samfuri biyu ko uku, ya dawo da su a tattauna.

Sai izini a rubuce daga mai bango ko mai fili, da na hukumar da abin ya shafa. Sai duba bangon kansa: in yana tsatsafo da danshi ko siminti na ɓarewa, zanen ba zai shekara biyu ba, gara a nemi wani. A kankare, a wanke, a shafa fentin share fage, a bari ya bushe. Duk aikin da ke sama da inda hannu ke kaiwa a bar wa waɗanda suka saba hawa, kada a ɗora ɗan sa kai a tsani don a burge shi.

Kuma a fara da ƙarami. Wata mai fasaha, Candy Chang, a 2011 ta samu wani kangon gida a unguwarsu a birnin New Orleans, ta shafe gefensa da fentin allo, ta rubuta layi-layi "Kafin in mutu ina so in…", ta ajiye alli. Kafin washegari bangon ya cika. Tun daga lokacin an yi irinsa fiye da 5,000 a ƙasashe sama da 75. Kayan aikinta ke nan: fenti, alli da tambaya ɗaya mai kyau.

Kuɗi fa?

Aikin sa kai ba ya nufin babu kashe kuɗi. Akwai kayan aiki, sufuri, ruwan sha, akwatin taimakon gaggawa da ladan ƙwararren da ke jan ragama, wanda shi sana'arsa ce. A rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a liƙa inda kowa zai gani. Mai ba da tallafi kuma a gaya masa tun farko iyakar girman tambarinsa, in ba haka ba za a wayi gari an yi masa allon talla kyauta.

Ranar farko an cika maƙil, mako na uku mu huɗu muka rage. Laifin wa?

Ba na kowa ba, haka abin yake. Mutane na da aiki da iyali. A yanka aikin zuwa zama na awa biyu ko uku wanda za a ga sakamakonsa a ranar. Kada wanda ya zo ya yi minti goma a tsaye ba a ba shi abin yi ba, domin ba zai dawo ba, kuma zai gaya wa wasu. Ku huɗun nan kuwa ku ne ainihin ribar aikin, sai dai ku kula kada ku zama 'yan ƙofa masu hararar sabon zuwa.

Irin wannan aiki yana jawo rigima?

Sosai ma, tunda fili na jama'a ake taɓawa. A 2011, bayan faɗuwar shugaba Ben Ali a Tunisiya, wasu masu ɗaukar hoto na ƙasar tare da mai fasahar nan na Faransa da ake kira JR suka liƙa manyan hotunan talakawa a wuraren da hoton shugaban yake a da. Tunani mai kyau, amma a wasu wuraren jama'a suka yayyage su. Mutanen da suka shekara 23 ana liƙa musu fuska ba da shawararsu ba, ba su ga dalilin da wani zai sake yi musu haka ba, ko da fuskar ta ɗan'uwansu ce.

Wani lokacin kuma hukuma ce ke tsorata. A ƙauyen Kamiriithu na Kenya, manoma da ma'aikata sun gina dandalin wasa da hannunsu, suka shirya wasan kwaikwayo da harshensu na Gikuyu tare da marubuci Ngugi wa Thiong'o. A fili ake gwaji, 'yan kallo na gyara wa marubutan inda suka kauce wa yadda rayuwa take. Gwamnati ta hana wasan a 1977, ta tsare Ngugi shekara guda ba shari'a, a 1982 kuma aka rushe dandalin. Da wasan banza ne, da ba a turo masa 'yan sanda ba.

Zai rage talauci ko aikata laifi a unguwa?

Fenti ba ya cika ciki, ba ya gyara famfo. A 2010 wasu masu zane biyu 'yan ƙasar Holan tare da matasan unguwar Santa Marta a Rio de Janeiro sun yi wa gidaje 34 ado da launuka masu ɗaukar ido, matasan sun koyi sana'a, masu yawon buɗe ido sun zo, amma matsalolin unguwar ba su gudu don sun ga launi ba. Wani lokacin ma adon kan jawo masu kuɗi, haya ta tashi, waɗanda suka yi fentin su ne farkon tashi.

Inda abin ya yi tasiri mai ɗorewa, za ka tarar an haɗa shi da wani abu. Wani mai fasaha, Rick Lowe, da abokansa a 1993 sun karɓi tsofaffin gidaje 22 da aka yi watsi da su a birnin Houston, 'yan sa kai suka gyara, aka mayar da wasu wurin baje fasaha, wasu kuma masaukin mata matasa masu renon 'ya'ya su kaɗai. Abin da aikin fasaha ke iya bayarwa da kansa shi ne mutanen da suka san sunan juna, suka taɓa gama wani abu tare. Abin da za su yi da wannan, nasu ne.

Bayan an yi biki an watse, wa zai kula da shi?

Wannan ce tambayar da ba a cika yi ba sai fenti ya fara ɓarewa. Katangar Los Angeles ɗin can, rana da ambaliya sun ci ta shekara da shekaru kafin a samu kuɗin gyaranta, aka kammala a 2011. Mai fasahar Jamus Joseph Beuys kuwa ya saka kulawar a cikin aikin tun farko. A 1982 ya jibge duwatsu 7,000 a dandalin tsakiyar birnin Kassel na Jamus, ya ce ba za a ɗauke dutse ba sai an dasa bishiya an kafa shi a gefenta. Mutanen gari suka yi ta ƙorafin tsibin, amma hanyar kawar da shi ɗaya ce, a yi dashe. Shekara biyar aka ɗauka. Beuys ya rasu a 1986, ɗansa ne ya dasa ta ƙarshe a 1987, kuma bishiyoyin da a farko ba su fi sanda kauri a gefen duwatsunsu ba yanzu sun yi musu inuwa.

Ku naku ba sai ya kai haka ba. Kafin ranar biki, a sa sunan mutum biyu da suka yarda su riƙa dubawa. A ajiye musu ragowar fenti, da takardar da ke ɗauke da suna da lambar kowane launi, da hoton aikin ranar da aka gama. A shafa wa zanen man kariya daga rana. A kuma amince a rubuce shekara nawa ake so ya yi, biyar ko goma, da abin da za a yi in lokacin ya cika: a sabunta shi, ko a shafe a ba yaran da suka taso bangon su yi nasu.